Faifan ajiya ya ƙi hawa kwamfuta: abin da nake yi kafin in taɓa komai

Wata Asabar bayan La'asar wani matashi mai ɗaukar bidiyon biki ya shigo shagona riƙe da faifan ajiya, irin ƙaramin nan da ake ce wa estanal, mai cin tera 2. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ajiye shi a kan tebur. "Oga, ka taimaka mini. Bikin gida uku ne a ciki, kamu da ɗaurin aure da dina, ban ba kowa nasa ba." Yana tsakiyar kwafe aiki aka ɗauke wuta, kwamfutar tasa kuma ta tebur ce, ba batir. Da wuta ta dawo ya kunna, sai Windows ta fito masa da saƙon nan da ke cewa sai ya yi fomatin kafin ya iya amfani da faifan. Abin da na fara tambayarsa shi ne, "Ka danna?" Ya ce tsoro bai bar shi ba. Na ce to alhamdu lillahi, ja kujera ka zauna.

A abin da na gani a wannan sana'a, faifan da ya zo mini ba a taɓa shi ba ya fi zuwa da sauƙi. Wanda ke ba ni wahala shi ne wanda ya bi ta hannu biyu ko uku, wannan ya danna Format, wancan ya danna Initialize, wani ya sake masa manhajar gyara ta kwana tana sassaƙarsa. Garin neman gira aka rasa ido. Don haka dokata ɗaya ce: ba na yarda a rubuta komai a kan faifan sai na san inda ciwon yake, kuma idan kayan ciki masu daraja ne, sai na kwafe shi gaba ɗaya tukuna.

Kafin faifai ya fito a allo da sunansa, abu huɗu ne za su daidaita. Ya samu wutar da za ta juya shi. Ɗan ƙaramin allon da ke cikin kwansonsa, mai fassara tsakanin USB da faifan, ya gaisa da kwamfuta. Kwamfuta ta karanta taswirar da ke farkon faifan, wadda ke nuna kashi nawa aka raba shi da inda kowane kashi ya fara, wato MBR ko GPT. Sannan ta buɗe littafin da ke ɗauke da sunan kowane fayil da wurin da yake kwance, wato NTFS ko exFAT ko APFS ko ext4. Ka ɗauke shi kamar sito: kaya suna nan jibge a ciki, amma in shafin farko na littafin lissafi ya yage, mai tsaron sito zai ce maka bai san komai ba. Yin fomatin kuwa, sabon littafi ne fari fat za a miƙa masa. Ni daga waje nake farawa in shiga ciki, a jere kamar yadda na lissafa su.

Kunne da tafin hannu

Ka jona faifan, ka ɗora tafin hannu a kansa, ka kara kunne. Lafiyayyen faifai mai juyawa zai tashi da ɗan gurnani mai laushi, ya yi ƙas-ƙas kaɗan na daƙiƙa biyu ko uku, ya daidaita. Yawancin ƙananan nan suna juyi 5400 a minti ɗaya, za ka ji motsin a hannunka.

In ka ji yana ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, ya tsaya, ya sake, ko yana wani siririn kuka kamar na ɗan tsako ba tare da ya juya ba, ka gwada wani kebul da wata kafa sau ɗaya tak, domin ƙarancin wuta ma yana sa haka. In bai canza ba, zare shi. Wannan ƙarar na nufin allurar karatu da ke cikin faifan ta kasa gane hanyarta, ko ta manne a kan farantin da ke juyawa a ciki, kuma duk kunnawar da ka ƙara tana iya kankare wurin da bayanan suke. Babu manhajar da ke gyara wannan. Musamman in an ce maka faifan ya faɗi ƙasa ne, kada ka yi ta gwaji.

Abu biyu nake roƙon mutane su daina. Na farko sa faifai a firiza, wata tsohuwar dabara da har yanzu ake yaɗawa. In ya fito raɓa ce za ta kwanta masa. Na biyu kwance murfin ƙarfen a leƙa ciki. Tazarar da ke tsakanin allura da faranti 'yan nanomita ce, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, balle a garinmu lokacin hunturu da ƙura ke shiga har cikin kwano rufaffe. Masu wannan aikin a ɗaki na musamman mai tace iska suke buɗewa, kuma da tsada. In kayan ciki sun kai a kashe musu kuɗin, a kai musu faifan yadda yake.

Na yaron nan ya tashi lafiya lau, ba wata baƙuwar ƙara. Hankalina ya ɗan kwanta.

Kebul da wuta

Nan ne nake daɗewa, don nan ne matsala ta fi yawa kuma ta fi arha. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 daga kafar USB yake shan wutarsa. Kafar USB 2.0 a ƙa'ida miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma, mai shuɗin harshe, 900. Lokacin da faifai ke tashi daga kwance ne ya fi jan wuta, shi ya sa za ka ga fitilarsa ta kama amma bai hau ba. Kamawar fitila ba shaida ba ce.

In kwamfutar tebur ce, ka bar kafofin gaba ka zagaya baya, waɗanda ke manne da babban allon kai tsaye. Ka cire duk wani mahaɗi mai baki huɗu da ka jona a tsakani, sai dai in mai adaftar wutarsa ne. In laftof ce, ka sa ta a caji, ka zare sauran kayan da ke jikinta. Ka haska fitilar waya cikin kafar, sau da yawa ƙura da zaren aljihu ne suka cushe.

Sai kebul ɗin kansa. Irin mai faɗin bakin nan mai tsaga a tsakiya, Micro-B, ba ya jure lanƙwasa, kuma yana iya karyewa daga ciki alhali bayansa sumul. Akwai dabarar da ke taimakona: tsohon kebul ɗin wayar Android, na kafin zuwan Type-C, yana shiga ɓangare mafi faɗi na wannan bakin, kuma faifan zai yi aiki da shi a gudun USB 2.0. In ya hau da wannan, ka gano mai laifi. Sai dai ka tabbata kebul ɗin mai ɗaukar bayanai ne, don akwai masu araha da caji kawai suke yi. Ni ina da gajere mai kauri guda ɗaya da na saya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, na ɗaura masa jan zare, ba na ba kowa aro, da shi nake auna kowane faifai.

Manyan faifai masu inci 3.5 kuma da adaftarsu suke zuwa, mai bolt 12. A kula da kyau a nan: cajar laftof da yawa bolt 19 ce, kuma bakin wasu yana shiga ramin faifan daidai. Wanda ya yi kuskuren jona ta zai ji ƙauri, faifan ya yi shiru. Ka karanta rubutun jikin adafta kafin ka jona.

In duk wannan bai yi ba, gwada wata kwamfutar. Minti biyu ne, amma yana raba gardama: ko laifin faifan ne, ko na kwamfutarka.

Me kwamfutar take gani?

Rashin ganin faifai a This PC na Windows ko a Finder na Mac ba ya nufin kwamfuta ba ta gan shi ba. Sai ka leƙa ta ƙofar baya.

A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, Disk Management zai buɗe. In wani akwati ya faɗo yana neman ka yi Initialize Disk, danna Cancel. Ka dubi jerin da ke ƙasa, ka nemo naka ta girmansa; mai tera 2 zai nuna wajen giga 1863, wannan daidai ne, bambancin lissafi ne kawai. Abin da ka gani a nan shi zai gaya maka hanyar da za ka bi.

In ka ga shuɗin layi, an rubuta NTFS ko exFAT da Healthy, amma babu harafi irin E ko F a gefensa, ka yi sa'a. Danna dama a kansa, zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafin da ba kowa a kai. Shi ke nan. In an rubuta Offline, yawanci lambar shaidarsa ce ta yi karo da ta wani faifan da ke jone, abin da ke faruwa in an taɓa kwafe ɗaya a kan ɗaya. Zare ɗayan, ko ka danna dama ka zaɓi Online.

In ka ga Healthy amma ba sunan tsari, kuma akwai wani ɗan ƙaramin kashi mai mega 200 a gabansa da aka rubuta wa EFI, to kusan tabbas a Mac aka tsara faifan. Lafiyarsa ƙalau, yarensa ne Windows ba ta ji. Ba ta karanta APFS, wanda Apple ya kawo wa Mac a 2017, ba ta karanta HFS+ da ya gabace shi, haka ma ext4 na Linux. Ka tambayi mai shi a wace kwamfuta ya saba amfani da shi, ka mayar da shi can. Na sha ganin an goge faifai mai lafiya saboda wannan kaɗai, kuma abin yana ci mini rai. Haka in ka ga alamar kwaɗo, BitLocker ne, makullin sirri na Windows. Sai kalmar sirri ko lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda sau da yawa tana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. In babu ɗayan biyun, babu mai buɗe maka.

In ka ga RAW, Windows ta ga kashin amma ta kasa karanta littafinsa. In ka ga baƙin layi da Unallocated a faifan da ka san cike yake, taswirar ce ta ɓace. Waɗannan biyun su ne inda ake tafka ɓarna, zan dawo kansu. In kuma an rubuta Unknown, Not Initialized kuma babu girma sam, ko girman ya zo wani iri, matsalar ta jiki ce, ko allon kwanso ko faifan kansa. In bai fito ba ko kaɗan, buɗe devmgmt.msc ka duba ƙarƙashin USB. Saƙon Device Descriptor Request Failed yana mayar da kai kan kebul, kafa, ko allon kwanso.

A Mac, fara da abu mai sauƙi: a saitin Finder ka tabbata an yi wa External disks alama. Sababbin laftof ɗin Mac masu guntun Apple, tun daga macOS Ventura na 2022, suna tambaya kafin su bar sabon kayan USB ya haɗu. In ba ka amsa Allow ba, ba zai hau ba. Daga nan buɗe Disk Utility, a View ka zaɓi Show All Devices. In sunan faifan ya fito a dushe, danna Mount. In ya ƙi kuma faifan exFAT ne da aka fizge ba a yi Eject ba, buɗe Activity Monitor ka nemi fsck_exfat. In yana nan, Mac tana bincikar faifan ne a ɓoye, ba za ta sake shi ba sai ta gama, kuma a babban faifai mai fayiloli da yawa abin yana iya cin awanni ba tare da ta ce maka uffan ba. Muddin faifan ba ya baƙuwar ƙara, ka ƙyale shi. In Mac ta ce ba ta iya karanta faifan, ta ba ka zaɓi uku, ka ɗauki Ignore ko Eject, kada ka kusanci Initialize. Sannan ka sani Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai. Wannan ba lalacewa ba ce.

Ni dai Linux na fi yarda da ita a wannan aiki, saboda ba ta ɓoye abin da ta gani. Ko ba ka da ita a kwamfutarka, kana iya ɗora Ubuntu ko SystemRescue a filash ka tashi kwamfutar da shi ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. Buɗe Terminal ka rubuta wannan kafin ka jona faifan:

sudo dmesg -w

Sai ka jona, ka zuba ido. In ka ga layuka masu cewa device descriptor read da error -71, ko over-current, koma kan kebul da wuta. In ka ga an ba shi suna kamar sdb, an faɗi girmansa daidai, an nuna sdb1, wato kashinsa na farko, jikinsa ya amsa. In kuma I/O error ne ke zubowa tare da lambobin sekta, wato ƙananan gurabun da ake ajiye bayanai a cikinsu, faifan yana da miki, kuma daga wannan lokacin duk minti ɗaya da yake kunne ka kashe shi wajen kwafewa. Akwai kuma wasu kwanson da ba sa jituwa da hanyar sadarwar UAS, za ka ga layuka masu uas_eh_abort_handler suna maimaituwa. Jona shi a kafar USB 2.0 yakan wadatar. Daga nan:

lsblk -f

zai jera maka kowane kashi da tsarinsa. In za ka gwada hawa da hannu, ka hau da shi a matsayin karatu kawai:

sudo mount -o ro /dev/sdb1 /mnt

Wannan ro ɗin shi ne kariyarka. Sau da yawa faifan NTFS da ya ƙi hawa da kansa a Linux yana hawa a haka, domin dalilin ƙin nasa shi ne Windows ta bar masa alamar cewa ba a rufe shi da kyau ba. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup, wanda ke sa in ka kashe kwamfuta ba ta mutu duka ba, rabin barci take yi. Maganin shi ne ka mayar da faifan Windows, ka yi masa Eject yadda ya kamata, ko ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down. Za ka ga ana ba da shawarar ntfsfix. Yana share alamar ne da 'yan ƙananan gyare-gyare, ba cikakken gyara ba ne, kuma rubutu yake yi a kan faifan, don haka ba na sa shi sai bayan na kwafe.

Faifan yaron nan a Windows RAW ya nuna. A Linux girmansa ya fito daidai, sdb1 yana nan, ba I/O error ko ɗaya, amma gurbin tsari a lsblk fayau. Ya ce exFAT ne, don yana kai shi wurin abokinsa mai Mac su haɗa aiki. Wannan ya yi daidai da abin da nake zato. Tsarin exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006, yana da daɗin yawo tsakanin Windows da Mac, kuma ba shi da iyakar giga 4 ga fayil ɗaya irin ta FAT32. Amma ba ya ajiye rajistar abin da yake shirin rubutawa kamar yadda NTFS ke yi, don haka in wuta ta yanke masa hanzari, ba shi da inda zai duba ya gyara kansa.

Auna lafiya, kwafe, sannan gyara

Kowane faifai yana ajiye bayanin lafiyarsa da kansa, ana kiran sa SMART. A Windows manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce tana nuna shi. A Linux:

sudo smartctl -a -d sat /dev/sdb

Layi uku nake dubawa: na 5, sektocin da suka mutu aka musanya su; na 197, waɗanda ake zargi ba a yanke musu hukunci ba; da na 198, waɗanda suka gagara karantuwa. CrystalDiskInfo tana rubuta na biyun ƙarshe C5 da C6. In duka sifili ne, madalla. In akwai lamba, musamman a 197, faifan ya fara tafiya, kuma ko ya hau yau kada ka sake ba shi amana.

A nan ne nake saɓa wa shawarar da ta fi yawo a intanet, wato a yi chkdsk da /f ko /r a Windows, ko First Aid a Mac. Waɗannan aikinsu shi ne su daidaita littafin ya zama ba saɓani a cikinsa, ba su damu da kayanka su dawo ba. In chkdsk ya ci karo da abin da bai gane ba yana iya yanke shi, ya tara gutsattsarin a wata folda mai suna found.000. Shi kuma /r sai ya bi kowace sekta, wanda ga faifai mai miki tamkar a sa majiyyaci gudun fanfalaki ne. Yana da ranarsa: faifai mai lafiyar jiki, wanda an riga an kwafe kayansa. Kafin haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kwafewar da nake nufi ba ta jan folda ba ce, hoton faifan gaba ɗaya ne, sekta bayan sekta. Abin aikin shi ne GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. A Ubuntu sunan kunshinsa gddrescue. Kana bukatar wani faifan da sararinsa ya fi mara lafiyar, ni mai tera 4 nake ajiyewa don wannan. Ka shiga cikinsa ka rubuta:

sudo ddrescue -n /dev/sdb hoto.img taswira.map

Ka duba sunan sau biyu da lsblk kafin ka danna Enter, domin sdb na yau yana iya zama sdc gobe. Kyawun ddrescue shi ne yana fara kwashe wurare masu sauƙi, in ya tarar da wuri mai wuya ya tsallake ya bar shi sai ƙarshe. Fayil ɗin taswira kuma yana riƙe inda aka tsaya, ko an ɗauke wuta ka sake ba da umarnin nan zai ci gaba daga nan. Ga wanda ke aiki a inda wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In an gama akwai sauran wuraren da suka gagara, sai ka sake da -d -r3 a madadin -n, ya gwada su sau uku. Tera 2 a USB 3.0 yakan ci mini awa shida zuwa bakwai in faifan lafiyayye ne. A USB 2.0 ya fi ninki biyu. Na jona laftof a inbata, na kunna wa faifan ƙaramar fanka, na ce wa yaron ya tafi gida ya dawo gobe da hantsi. Bai so tafiya ba. Na ce masa, "Ƙanena, tsayuwarka ba za ta ƙara masa gudu ba, je ka yi sallah ka huta."

Da safe ddrescue ya nuna ya kwashe duka ba kuskure ko ɗaya. Na zare faifan nasa na sa a aljihun tebur. Duk abin da ya biyo baya a kan hoton na yi shi, da TestDisk, manhajar kyauta ta Christophe Grenier:

testdisk hoto.img

Ga dalilin da ya sa gyaran ke yiwuwa. Masu tsara waɗannan abubuwa sun san shafin farko yana iya lalacewa, sai suka ajiye kwafinsa. A exFAT kwafin yana farawa daga sekta ta 12 ta kashin, a FAT32 yana ta 6, a NTFS yana can sektar ƙarshe. GPT ma tana da kwafin taswirarta a ƙarshen faifai. A TestDisk na zaɓi nau'in taswirar da ya gano da kansa, na shiga Advanced, na zaɓi kashin, na shiga Boot. Ya nuna na farkon ya lalace, na ajiyar kuma lafiya. Na zaɓi Backup BS, ya kwafe mai lafiyar a kan mara lafiyar. Da na koma na danna List, sai ga sunayen folda sun jeru, kowane biki da kwanan watansa.

In naka Unallocated ne, hanyar ta ɗan bambanta: Analyse za ka shiga, sannan Quick Search, in bai samu ba Deeper Search. In ya nuna kashi, danna P ka leƙa ciki. Sai ka ga fayilolinka da idonka kafin ka yarda ka danna Write, kuma ko a nan na fi son in danna C in kwashe su zuwa wani faifan tukuna. In littafin ya lalace ƙwarai har TestDisk bai ga sunaye ba, sai abokin tafiyarsa PhotoRec, wanda ke bin faifan yana tsinto fayiloli ta siffarsu. Yana dawo da hotuna da takardu sosai, amma ba suna ba folda, sai lambobi, kuma manyan bidiyo da suka warwatsu a wurare daban-daban sukan dawo a karye. Ko da wace manhaja ka yi, kada ka zuba abin da ka ceto a kan faifan da kake ceto daga gare shi.

Saura maganar fasa kwanso, ga wanda bincikensa ya nuna allon USB ne ya mutu. A faifai da yawa in ka ɓanɓare robar za ka tarar da faifan laftof ne na yau da kullum mai bakin SATA, sai ka sa shi a sabon kwanso ko ka jona shi cikin kwamfutar tebur. Amma ba duka ba. Ƙananan faifan kamfanin WD irin My Passport bakin USB ɗin a jikin allon faifan yake, babu SATA da za ka samu. Wasu nau'in My Book kuma allon kwanson ne ke rufe bayanan da sirri, in ka raba su sai ka ga shirme. Wasu kwanson kuma suna nuna wa kwamfuta sekta mai bayit 4096 alhali faifan 512 yake nunawa, sai ka cire shi ka ga RAW ko GPT Protective Partition. Bayanan suna nan, ma'aunin ne ya canza. Kada ka yi fomatin, ka nemo kwanso irin na asalin. Sannan in faifan sabo ne, an ce maka SSD ne, wato faifan da ba ya juyawa, mai tera da yawa a kuɗin da bai kai na filash mai kyau ba, kuma ya fara ɓatar da kaya bayan ka zuba 'yan giga, auna shi da H2testw ko F3. Akwai na jabu da ke ƙaryar girma, kuma abin da ya wuce ainihin cikinsu bai taɓa sauka ko'ina ba, balle a ceto shi.

Yaron ya iso wajen ƙarfe goma. Na juya masa allon, ya buɗe foldar farko, muka kunna bidiyo ɗaya daga kowane biki muka ja shi har ƙarshe. Fayil ɗaya ne kawai ya ƙi buɗewa, wanda ake cikin kwafewa lokacin da wuta ta tafi, shi kuma yana nan a katin kyamararsa bai goge ba. Ya daɗe yana hamdala. Muka kwashe komai zuwa sabon faifan da ya sayo, muka bar kwafi na biyu a nawa har ya miƙa wa masu biki aikinsu. Na rubuta masa a takarda ya sayi UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ko ƙarami ne kafin ya sake jona faifai a kwamfutar tebur, ya riƙa yin Eject yana jiran saƙon ya fito kafin ya zare, kuma kada ya goge katin kyamara sai aikin yana wuri biyu.

Bayan sati biyu ya dawo ya ce kowa ya karɓi nasa. Na ciro tsohon faifan daga aljihun tebur, na sake duba SMART, layukan nan uku duk sifili. Tunda yanzu a Windows kaɗai zai riƙa aiki da wannan, muka zaɓi NTFS, na cire alamar Quick Format don ya bi kowace sekta ya tabbatar da ita. A ranar ne na bar shi ya danna Format da hannunsa.